Doolin: Yadda Ake Ziyartar Ƙauyen Bakin Teku a Ƙasar Ailan

Kullum da sassafe manyan motocin safa suna tashi daga Dablin, babban birnin Ailan, maƙare da 'yan yawon buɗe ido. Su ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma, tafiyar fiye da awa uku, su sauke mutane a kan doguwar katangar dutsen nan ta bakin teku da ake kira Cliffs of Moher. A ba kowa awa ɗaya da ɗoriya ya ɗauki hoto, a tsaya cin abincin rana a ƙauyen Doolin, a juyo. In ranar ta zo da hazo, shi ke nan, an biya kuɗin mota an kallo farin bango. Shawarata ga mai son ganin wannan yanki ita ce ya bar safa ta koma ba da shi ba. Ya kama ɗaki a Doolin, ya kwana uku aƙalla, don a yammacin Ailan ba baƙo ke tsara ranarsa ba, iska da teku ke tsara masa.

Doolin, da ake furtawa Dulin, yana gundumar Clare, a gaɓar Tekun Atilantika. Kada ka zo kana neman tsakiyar gari, babu shi. Gidaje ne a warwatse a bin hanya ɗaya da wani ɗan rafi mai suna Aille: unguwar Roadford daga sama, mararrabar Fitz's Cross a tsakiya, Fisher Street mai shagunan nan masu fenti kala-kala daga ƙasa, sai tashar jiragen ruwa can ƙarshen hanya. Daga wannan kai zuwa wancan tafiyar ƙafa ce ta fiye da rabin awa, kuma da dare wasu wuraren ba fitila. Saboda haka kafin ka biya kuɗin ɗaki, duba taswira ka ga a wace unguwa yake.

Tun daga gida

Ailan tana cikin Tarayyar Turai amma ba ta cikin yarjejeniyar Schengen. Bizar Faransa ko Jamus ba za ta shigar da kai ba, haka bizar Birtaniya ba ta wadatar da mai fasfon Nijeriya. Biza ce ta daban, ana cike takardarta ta intanet, kuma ƙasar tana da ofishin jakadanci a Abuja. Ta gajeren zama ba ta wuce kwana 90. Ka nema da wuri, watanni kafin tafiya. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Nijeriya ko Nijar, sai an ya da zango. Ta Istanbul ko Doha ya fi sauƙi. Mai bi ta Landan ya fara tambayar bizar wucewa, kada a tsayar da shi tun a filin jirgin gida.

Abu na biyu zai ɓata wa wasu rai: bar kilishin a gida. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko kayan nono daga wajenta, don haka kilishi da dambun nama da man shanu duk a kwandon jami'an kwastan za su ƙare. Yaji dai ka ƙulla abinka, za ka gode wa kanka, don girkinsu ba ya san barkono.

Kuɗinsu Yuro ne. Kati yana aiki kusan ko'ina, amma ka riƙe 'yan tsaba a aljihu saboda tsibiran da ke kusa da kuma ƙananan masu sana'a. Soket ɗin lantarki mai ƙafa uku ne irin na Nijeriya. Mutumin Nijar ne zai nemi mahaɗi.

Sai tufafi, kuma a nan baƙi suka fi shan wuya. Ko a Yuli, watan da suke kira na zafi, da wuya ma'auni ya daɗe a sama da digiri 20, ruwa kuma ba shi da damina, kowane wata nasa ne. Lema ba ta da amfani a bakin wannan teku, iska za ta birkice ta a minti ɗaya. Abin da kake so shi ne rigar ruwa mai hula, da rigar sanyi ta ulu a ciki, da takalmi sau-ciki mai ƙarfin tafi. Babbar riga da mayafi mai faɗi a ajiye su sai za a shiga gari. A kan dutse iska tana cika su ta ja mai su.

Hanya

In ka sauka a Dablin ba ka da mota, hau jirgin ƙasa ko safa zuwa Galway ko Ennis, daga nan ka nemi bas mai lamba 350 ta kamfanin Bus Éireann. Tana bin gaɓar teku tsakanin garuruwan biyu, tana tsayawa a Doolin da kuma ƙofar Cliffs of Moher. Sau 'yan kaɗan take wucewa a rana, don haka ka ɗauki hoton jadawalinta a wayarka. Filin jirgin Shannon ya fi kusa, awa ɗaya da 'yan mintoci a mota.

Hayar mota ta fi ba da 'yanci, sai dai tana da sharuɗɗa. Hannun hagu suke bi, irin yadda ake yi a Nijeriya kafin 1972. Yawancin motocin haya masu giyar hannu ne, kuma da hannun hagu za ka sa giyar. In ba ka saba ba, nemi otomatik tun wajen yin oda. Ka zo da lasisin tuƙi na ƙasa-da-ƙasa tare da naka na gida. Lambar hanya tana gaya maka halinta: mai farawa da N babba ce, mai R matsakaiciya, mai L kuwa sau da yawa faɗin mota ɗaya ce, katangar dutse dama da hagu, ciyawa ta tsiro a tsakiya. In kun yi kiciɓis da wata motar, wanda ya fi kusa da wuri mai faɗi ko bakin ƙofar gona shi ke ja da baya. Wanda aka ba hanya ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari, godiyar ke nan. Ba a hon, ba a zagi. In tarakta ce a gabanka, ko garken shanu ana kai su tatsa, haƙuri kawai.

Masauki, abinci da salla

Akwai otal, amma masaukin da ya fi dacewa da ƙauye shi ne gidan da ka ga an rubuta B&B a allonsa: gidan iyali ne da suka ware ɗakuna don baƙi, kuɗin kwana haɗe da karin kumallo. Ribarsa ba gadon ba ce, uwar gidan ce. Ita ta san ko jirgin ruwa zai tashi yau, da wace hanya aka rufe, da mai tasin da zai ɗauki waya da dare. A Yuli da Agusta ɗakuna suna ƙarewa tun da nisa. A Satumba ma haka, saboda garin Lisdoonvarna da ke kusa yana bikinsa na shekara-shekara na haɗa aure, wata guda cur ana kiɗa da rawa, baƙi su cika ko'ina.

Musulmi ya yi maganar karin kumallo tun daren da ya sauka. Cikakken farantinsu na safe yana ɗauke da naman alade kashi-kashi, har da wani baƙin curi da ake yi da jini. Ka faɗa a fili cewa ba ka cin alade, kuma kana so a soya ƙwanka a kasko daban. Ba sa jin haushi, sun saba da masu ƙa'idar abinci. Za a ba ka kunun alkamar oat, da ƙwai, da kifin salmon mai hayaƙi, da burodinsu mai ruwan ƙasa da ake tayarwa da soda, ga man shanu da ba ka taɓa cin irinsa ba. Da rana da dare kifi shi ne mafita, amma ka tambayi abu biyu: ko an sa giya a ƙullun da aka tsoma kifin kafin suya, da ko akwai naman alade ko giya a farar miyar kifin da suke alfahari da ita. Dafaffen naman sa na gargajiya sau da yawa da giyar Guinness ake dafa shi. Mai son girka abinsa ya sayo naman halal tun daga Galway. Babban kanti da kantin magani kuwa akwai su a garin Ennistymon, minti ashirin a mota.

Lokutan salla za su ba ka mamaki. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, ta sake fitowa biyar da 'yan mintoci, kuma jan shafaƙi ba ya gushewa sosai a tsakani. A Disamba kuwa huɗu da rabi an riga an yi magariba. Kada ka dogara da lissafin wayarka kaɗai, sauko da jadawalin masallatan Galway ko Limerick, can ne kuma za ka sami Juma'a. Alƙibla daga nan gabas ce mai karkata kudu, ba arewa maso gabas irin ta Kano ba.

Ranar da gari ya waye garau, teku

Ga ƙa'idar tsara kwanakin. Kowane dare ka duba hasashen Met Éireann, hukumar yanayi ta ƙasar. Rana ta farko da aka ce iska ta kwanta, ba wa teku ita, ko me ka shirya a da. Duwatsu da kogo suna nan gobe, jirgin ruwa kuwa ana soke shi in igiyar ruwa ta tashi, kuma ba ya aiki daga Doolin a tsakiyar hunturu, daga wajen Maris ne zuwa ƙarshen Oktoba.

Tsibiran Aran uku ne, kana hango su daga gaɓa. Masu gaggawa suna tafiya Inis Mór, mafi girma, don ganin tsohuwar ganuwar Dún Aonghasa da ke bakin wani gangare mai ban tsoro. Ni dai ga mai yini ɗaya Inis Oírr nake zaɓa masa, mafi ƙanƙanta kuma mafi kusa, ƙasa da rabin awa a ruwa. Mazaunansa ba su kai 400 ba, kuma har yau harshen Ailan na asali suke yi a gida da kanti, Turanci sai ga baƙo. Za ka iya zagaya shi da ƙafa, ko ka yi hayar keke ko keken doki a bakin tasha. A nan da sauran yankin wani lokaci da harshen ake rubuta ƙofar ban-ɗaki: Fir na maza, Mná na mata.

Ka tsaya ka dubi gonakin da kyau. Ƙanana ne, wata ba ta fi tsakar gida ba, kowace an kewaye ta da katangar dutse da aka jera ba siminti ba laka. Sa idonka a jikin katangar za ka hango teku ta ramukan. Da gangan aka bar su, don iska ta ratsa ta wuce maimakon ta ture ginin. Wasu gonakin ba su da ƙofa: manomi ya sauke 'yan duwatsu ya shigar da saniya, ya mayar da su. Ƙasar da ke ciki ma ba gado aka tarar ba. Kakanninsu ne suka kwaso yashi da ciyawar teku a kwando suka shimfiɗa a kan fako, shekara bayan shekara, har ta iya riƙe dankali. A gabashin tsibirin akwai gawar jirgin dakon kaya mai suna Plassey, ya yi tsatsa jawur a kan duwatsu. Guguwa ce ta buga shi a Maris 1960, mutanen tsibirin suka ceto ma'aikatansa goma sha ɗaya da igiya, ba wanda ya mutu.

In kana da saurin jiri, sha maganinsa awa ɗaya kafin tashi, ka zauna a waje kana kallon nesa. Kuma ka sayi tikitin da ya haɗa da zagayawa ta ƙarƙashin Cliffs of Moher a dawowa. Daga ƙasa ne ake gane tsayinsu.

Katangar Moher

Dutsen ya miƙe kusan kilomita 14 a bin teku, inda ya fi tsayi mita 214. A 2019 mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi suka ziyarce shi, kuma yawancinsu tsakanin sha ɗaya na safe da huɗu na yamma suke zuwa. Kai da ka kwana a kusa, je da sassafe ko da la'asar sakaliya. La'asar ta fi, don dutsen yamma yake fuskanta, sai rana ta karkata haske ke buɗe launin jikinsa. Tikitin da aka saya ta intanet don waɗannan lokuta ya fi araha. Hasumiyar da ke kan tudu wani mai filaye ne, Cornelius O'Brien, ya gina ta a 1835 don masu zuwa kallo, ka ga sana'ar ba yau ta fara ba. Daga Afrilu zuwa Yuli dubban tsuntsayen teku suna ƙyanƙyasa a jikin dutsen, har da puffin mai baki ja da rawaya. Madubin hangen nesa zai yi maka rana.

Akwai turbar ƙafa daga Doolin zuwa can, kimanin kilomita 8 ta bakin gaɓa. A 2024 an rufe wasu sassanta bayan mutane sun faɗa sun mutu, don haka tambayi abin da ke buɗe kafin ka kama hanya. Inda aka kafa shinge, tsaya a bayansa. Bakin dutsen marmara ce mai zaizayewa, ciyawa tana rufe inda ƙasansa ya riga ya rufta, kuma iska tana zuwa ne bagatatan. Babu hoton da ya kai wannan kasada. Lambar gaggawa 112 ce ko 999.

Burren

Arewa da gabashin Doolin ƙasa ce da ta sha bamban da koren Ailan na cikin hotuna. Fako ne na dutsen farar ƙasa, toka-toka, ya shimfiɗu tudu bayan tudu, ruwa ya tsattsaga shi layi-layi. Fiye da shekara miliyan 300 da suka wuce ƙasan wani teku ne mai ɗumi. Daga mota za ka ce babu rai a wurin. Sauka ka durƙusa ka leƙa cikin tsagar: iska ba ta shiga, akwai laima, ga ganyaye da furanni cunkus. Kusan kashi 70 cikin ɗari na irin tsirran ƙasar ana samun su a nan, na ƙasashen ƙanƙara da na yankin Bahar Rum gefe da gefe. Mayu ne watan furanni. Ba a tsinka, ba a ɗaukar dutse, ba a kuma tara duwatsu don hoto.

Abin da zai fi jan hankalin wanda ya san kiwo shi ne yadda suke tafiyar da shanunsu. Kamar yadda Bafulatani ke bin ruwa da ciyawa daga mashekari zuwa mashekari, haka manomin Burren yake, sai dai nasa a juye ne da na sauran Turai. Can ana hawa dutse da dabbobi lokacin zafi, a sauko da sanyi. Nan kuwa ƙarshen Oktoba ake kora shanu sama, su yi hunturu a kan fako. Dalili: dutsen yana riƙe ɗumin da ya sha, ruwa ba ya kwanciya a kansa balle saniya ta kwana a taɓo, kuma da hunturu ne idanun ruwa ke kawowa a can, da zafi ruwan yana zurarewa ƙarƙashin ƙasa. Shanun suna cinye busasshiyar ciyawa da tohon sarƙaƙiya, su sauko kafin furanni su fito. Ba don su ba da kurmi ya rufe wurin. Har biki suke yi na rakiyar shanu a ƙarshen Oktoba, baƙo ma yana iya bi da sandarsa.

Da mota, bi hanyar gaɓa R477 ta Fanore zuwa Ballyvaughan, ka dawo ta R480 ka tsaya a Poulnabrone. Kabari ne na zamanin dutse, wani faffaɗan dutse a ɗore kan wasu a tsaye, ya haura shekara 5,000. Da aka tona shi a 1986 da 1988 an sami ƙasusuwan mutum fiye da talatin. Shiga kyauta ne. Yawancin filayen Burren gonakin mutane ne, kuma dokar ƙasar ba ta ba kowa damar ratsa gonar wani ba, don haka bi turbar da aka yi wa alama, ƙofar da ka buɗe ka rufe. Maciji dai babu ko ɗaya a Ailan. Abin kiyayewa saniya mai ɗan maraƙi ce, da kaska a cikin ciyawa, wadda ke iya sa cuta. Ka duba ƙafafunka da dare.

Ranar da ruwa ya ƙi ɗaukewa, shiga Doolin Cave. An gano kogon a 1952, kuma a cikinsa wani dutse yake reto daga rufi, tsawonsa mita 7.3, ɗigon ruwa ne ya gina shi. Matakalar ta haura ɗari, mai ciwon gwiwa ya sani. Daga nan ka gangara Ennistymon, a hanyar Lahinch akwai abin tunawa da babbar yunwar 1845 zuwa 1852: siffar yaro tsaye a ƙofar gidan gajiyayyu. A 1841 mutanen Clare sun haura 286,000, a ƙidayar 2022 ba su kai 130,000 ba. Kangayen gidajen da kake wucewa a gefen hanya bayaninsu ke nan.

Da dare

Sunan Doolin a duniya kiɗa ne ya yi shi, musamman ta hannun 'yan'uwa uku na gidan Russell, waɗanda Micho mai sarewa, da ya rasu a 1994, ya fi shahara a cikinsu. Tsofaffin wuraren kiɗan uku ne: Gus O'Connor's, da aka buɗe a 1832, da McGann's, da McDermott's. Gaskiya mashaya ce, ba sai an ɓoye ba. Amma a ƙauyen Ailan nan ne kuma gidan abinci da zauren hira, za ka ga iyali da 'ya'yansu suna cin abincin dare, kuma tun 2004 an hana shan taba a ciki. Wanda ya nemi shayi ko lemo ba mai kallonsa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da shiga ba, akwai gidajen abinci da ba mashaya ba, kuma a kan shirya kiɗan a wasu gidaje da zauruka, uwar masaukinka za ta nuna maka.

In ka shiga, ka ci abinci kafin tara, don kicin yana rufewa wajen lokacin da makaɗa ke zama. Ba dandamali suke hawa ba. Tebur ne a lungu da aka bar musu, mai goge da mai sarewa da mai ƙaramin akodiyon da mai bandirin fatar akuya, suna fuskantar juna ba jama'a ba. Kada ka zauna a kujerar da ke teburin ko da babu kowa, mai ita yana zuwa. Ba a yin liƙi. Ana hira ƙasa-ƙasa lokacin kiɗa, amma da wani ya fara waƙa da baki zalla sai ɗakin ya yi tsit, kai ma ka yi. Kafin ka ɗauki bidiyo ka nemi izini da ido ko da baki. In wani ya saya maka abin sha, al'ada ce kai ma ka saya masa a zagaye na gaba, ko da naka shayi ne. Kuma ka tanadi tocila da rigar da ke ƙyalli don komawa masauki, ka bi gefen dama na hanya kana fuskantar motoci masu zuwa.